Damina Uku a Ƙarƙashin Tamfol

Har yau in na bi ta layin kafintoci na ji ana kankare maɗaci, ɗacin garinsa sai ya sauko mini a maƙogwaro, in gan ni a bakin kwata a Yelwan Yawuri, yaro ɗan shekara goma sha uku da ƙarfen kankara a hannu. Na gama firamare ke nan, ba a kira ni makarantar gaba ba, mahaifiyata ta ce ba za ta zuba ido ina gararamba a gari ba. Ta ƙulle mini 'yan kayana, ta sa ni a mota zuwa wurin wanta mai sana'ar jirgi. Ni Kawu nake ce masa, yaran aikinsa kuwa Maigida.

Lokacin tafkin Kainji bai wuce shekara goma da cika ba. A 1968 aka gama madatsar, ruwa ya hau ya shanye tsohuwar Busa da tsibiran da Gungawa suka gada kaka da kakanni, aka tashi dubban mutane aka mai da su sababbin garuruwa a kan tudu. In ka shiga jirgi da dattijo, sai ka ga ya miƙa hannu ya nuna maka ruwa fetal, ya ce nan gonar albasarsu take. Itatuwan da ruwa ya ci suna nan tsaye a ciki, sun bushe sun yi fari. Waɗansu sun karye sun bar kututture a ƙarƙashi, ba a ganinsa sai ya huda cikin jirgi. Rabin aikin Kawu daga kututturan nan yake zuwa.

Jiragen da ake kawo masa na neman abinci ne: na Sarkawa masu su, da manyan na fito da ke ɗaukar mutane da buhuna da awaki ranar kasuwa. Zamanin sassaƙa jirgi daga gungume guda ya fara ja da baya don manyan itatuwa sun yi wuya, falankin katako ake kawowa daga kudu a haɗa da ƙusa. Gyaransu ba ya neman ado. A cusa auduga ko tsumma a tsaga, a narka kwalta a gwangwani a zuba, a lulluɓe da langa-langa a bi da ƙananan ƙusoshi. Mai jirgi in ya ga dama ya shafe sauran da baƙin man da ya roƙo wurin makanike. Da safe a kawo, da la'asar a tura ruwa. Ban raina wannan aiki ba ko kaɗan. Shi ya ciyar da mu, kuma jirgin da aka yi wa kwalta da gaskiya yana kai mutum gida.

Amma Kawu ya san wani aikin daban. Yana saurayi ya yi shekaru a Lakwaja, inda Binuwai ta haɗu da Kwara, a wurin gyaran jiragen da ke jigila tsakanin teku da arewa. Can ya koyi aikin katakon da ake so ido ya gani, wanda ba a rufe shi da fenti. Yana da wani ƙaramin akwati a ƙarƙashin gadonsa, a ciki akwai buroshi uku a naɗe cikin farin ƙyalle. Kafin zuwan jirgin da zan ba da labarinsa, sau ɗaya na ga ya buɗe akwatin, ya shafa gashin buroshin a tafin hannunsa, ya mayar.

Da kaka aka jawo jirgin da igiya a bayan wani jirgin fito. Wani Alhaji mai fataucin bandar kifi zuwa kudu ne ya saye shi a gwanjon wata ma'aikata. Ƙaramin jirgi ne mai inji, da 'yar rumfar katako a tsakiya da tagogin gilashi. Duk bakinsa, daga gaba har baya, an bi shi da jan katako, haka firam ɗin tagogi da abin riƙewa a saman rumfa da akwatin da ke gefen sitiyari. Injin ya lalace, sai aka ɗaure jirgin a bakin ruwa, aka lulluɓa masa tamfol, aka danne da duwatsu. Damina uku ya yi a haka. Da muka yaye tamfol ɗin wani wari ya bugo mu, irin na ɗakin da aka daɗe ba a buɗe ba. Banish ɗin da ke kan katakon ya yi fari-fari ya tattashi, yana ɓarewa kamar ɓawon albasa. Inda ya ɓare katakon ya yi toka-toka. A kan kowane sukuru kuwa akwai baƙin tabo, ya zarce ya bi jijiyar katako kamar an ɗiga tawada a ƙyalle.

Kawu bai ce uffan ba. Ya nemi basilla da ƙaramar guduma, ya fara daga hancin jirgi. Ya ƙwanƙwasa, ya kara kunne, ya soka basillar, ya matsa taki guda ya sake. Wurin da ke da lafiya yana amsawa ƙwal, basilla ta tsaya a fata. Wurin da ya mutu yana amsawa dum, basilla ta shige kamar a dafaffen rogo. Duk inda ta shige sai ya sa ni in zagaye da alli. Ya yi wuni guda yana wannan, sallah kawai ke tashinsa. Da yamma ya sa aka jawo jirgin kan tudu aka jingina shi, ya shiga ƙarƙashi ya ƙwanƙwasa cikin da ya shekara uku a ruwa. Ƙwal, ƙwal, ko'ina. Ya fito ya kalle ni ya ce, "Ka gani, ɗana? Wanda ke cikin kogi lafiyarsa lau. Wanda aka ɓoye wa ruwa shi ya ruɓe."

Abin ya ɗaure mini kai a lokacin. Sai da na girma na karanta na gane cewa abin da ke cin katako wata irin fumfuna ce mai rai, tana son danshi, tana son iska, tana son ɗumi. Katakon da ya nutse ba ya samun isasshiyar iska, wanda ya bushe sosai kuma ba ya da danshin da za ta rayu a kai. Masana katako sun ce in ruwan da ke cikinsa bai kai kashi 20 cikin 100 na nauyinsa ba, ruɓa ba ta kama shi. Wanda ke tsakani shi ke shan wuya, wanda zai jiƙe yau, ya fara bushewa gobe, jibi ya sake jiƙewa. Tamfol ɗin nan da aka yi zaton kariya ce shi ya gama da jirgin. Ruwan sama ya sami 'yar huda ya shiga, rana ta buga, tururi ya tashi ya rasa hanyar fita, da dare ya koma ruwa ya ɗiga a kan katakon. Da a fili aka bar shi, da ɓarnar ba ta kai haka ba.

Washegari Alhaji ya zo da mutanensa. Yana son jirgin cikin mako biyu, za a ɗaura auren 'yarsa, da shi yake so a ɗauko baƙi daga ƙetare. Ya ce a goge, a shafa, ya yi ƙyalli, kuɗi ba matsala ba ne. Kawu ya rusuna ya gaishe shi, ya bari ya gama, sannan ya ce, "Ranka ya daɗe, in ƙyalli kake so na mako biyu, akwai yara a kwatar nan da za su yi maka a kwana biyu, ba kuma zan ji haushi ba. Ni dai katakon nan jiƙe yake har zuciya. In na rufe shi yau, kafin damina ta raba za ka aiko a kira ni, kuma a ranar ba zan sami abin da zan gyara ba." Alhaji ya ce to yaushe? Kawu ya ce sai katakon ya faɗa. Mutanen Alhaji suka yi gunaguni. Shi kuwa ya daɗe yana kallon zagayen allin da suka cika bakin jirgin, daga bisani ya ce a yi yadda ya kamata. Baƙin biki a jirgin fito aka ɗauko su.

Muka kwance katakon ado kaf. Sukurorin sun yi tsatsa, waɗansu kan ya gutsure sai an haƙo su. Nan muka gano cewa wanda ya taɓa gyaran jirgin ya cire sukurorin tagulla na asali a wurare da yawa ya sa na baƙin ƙarfe, ga su kuwa daidai wuraren da tabon ya fi baƙi. Kowane guntu Kawu ya sa masa lamba a baya da fensir, ya zana jirgin a jikin wani falanki ya rubuta lambobin. Muka kankare tsohon banish da ƙarfe, ba da samfefa ba, don samfefa cikewa take yi nan da nan. Ana ja ne bisa kwanciyar jijiya, in ka gitta ka yi masa rauni wanda zai fito fili ranar shafa. Sannan muka jera su a rumfa, kowanne a kan 'yan sanduna don iska ta bi ta sama da ƙasa. Ya hana a kai su rana. Ya ce rana busar da fata take yi ta bar ciki, katako ya tsage ko ya karkace.

Yadda katakon zai faɗa kuwa, ga shi. Kawu ya zaɓi guntu guda mai kauri, wanda ya fi kowanne jiƙewa. Duk bayan kwana uku sai in ɗauke shi in kai wurin wani mai sayen kifi da ke da sikeli, a auna, in dawo in faɗa, ya rubuta a jikin ginshiƙin rumfa da gawayi. Makon farko nauyin ya faɗi da sauri. Na biyu ya rage gudu. Hunturu ya shigo, hazo ya rufe ƙetare, leɓunanmu suka tsattsage, lambobin gawayi suka yi ta sauka a hankali a hankali. Sai ran da aka auna sau uku a jere nauyin bai motsa ba, sannan ya ce ya bushe. Ya ɗauki fiye da wata guda.

A cikin wannan jira na yi ɓarnar da har yau nake tunawa. Akwai wani ɗan murfin akwatin gefen sitiyari, faɗinsa bai fi tafin hannu biyu ba. Na taɓa shi na ji a bushe, na goge shi da samfefa ya yi santsi, jansa ya fito. Raina ya biya in ga yadda zai yi. Wata la'asar Kawu ya tafi jana'iza, na buɗe gwangwanin banish ɗin da Alhaji ya sa aka kawo daga Kaduna, na sami wani tsohon buroshin fenti, na lafta masa da kauri, ban sirka da komai ba. Ya yi kyau ƙwarai, kamar an zuba zuma a kan jan goro. Na ɓoye shi a saman rumfa. Da dare raɓar bakin ruwa ta sauka a kansa tun bai kama jikinsa ba, da safe na tarar ya dushe ya yi hazo-hazo. Na ce rana za ta gyara, na bar shi a can. Kwana uku rana na dukansa, danshin da ke ciki ya taso yana neman hanya, ya tarar an toshe, sai ya ɗaga banish ɗin ya yi ƙuraje.

Kawu ya ga ba lambar murfin a jeri, ya tambaya, na hau na sauko da shi jikina na rawa. Bai ɗaga murya ba. Ya miƙo mini basilla ya ce in huda ƙurji guda, in sa ɗan yatsa. Na ji sanyin danshi a ƙarƙashi. Ya ce, "Ka rufe ƙofa da ɓarawo." Ya ba ni ƙarfen kankara. Banish ɗin ya bushe a sama, ƙasa kuwa danƙo ne, yana manne wa ƙarfe yana naɗewa. Kwana biyu na yi a kan murfin nan, yatsuna suka yi kanta. Abin da ya fi ci mini rai shi ne da na ga ya ɗaga gwangwanin ya duba yawan abin da na ɓatar, ya rufe ya yi shiru. Na san lissafi yake yi ko zai isa.

Maganar baƙin tabon nan wani baduku ne ya warware mini ita, maƙwabcin Kawu. Ya zo hira da dare, ya ɗauki guntu guda ya duba a hasken fitila ya ce, "Ai wannan kuloko ne." Washegari ya kira ni ya nuna mini tukunyarsa, cike da tsofaffin ƙarafa masu tsatsa da ruwa a kai. Ya tsoma tsinke ya ja layi a kan fatar da aka jeme da bagaruwa. Ruwan da ba shi da wani launin kirki yana taɓa fatar ya rikiɗe baƙi ƙirin. Sinadarin da ke cikin bagaruwa, wanda ke jeme fata, in ya haɗu da ƙarfe a cikin danshi baƙi yake haifarwa. Irinsa yana cikin maɗaci da 'yan'uwansa na kudu. Wato damina uku sukurorin baƙin ƙarfen nan suna rina jirgin Alhaji daga ciki, yadda dukawa ke rina sirdi da kube. Shi ya sa gogewa ba ta fid da shi, sai dai ka cinye katakon.

Tsami ke kashe shi. Kawu ya fara gwadawa da lemun tsami a ƙananan tabo, ya rage kaɗan. Manyan kuwa sai da wani farin gari mai kama da gishiri da ya aika aka sayo. Shi asid kawai yake ce masa, daga baya na san sunansa oksalik. A narka shi a ruwan zafi a kwanon roba ko na ƙasa, ban da na ƙarfe, a shafa wa guntun gaba ɗaya. In ka shafa wa tabon kaɗai, wurin zai yi fari ya bar sauran, ka fita daga baƙin tabo ka shiga farin tabo. Na tsuguna ina kallo. Da farko ba abin da ya faru. Can sai baƙin ya fara sakin jiki daga gefe, ya koma ruwan ƙasa, ya koma ja-ja, kamar hadari yana washewa. Waɗansu sau biyu, waɗansu sau uku. Garin guba ne, yana cin hannu, ƙurarsa kuma in an zo gogewa tana sa tari mai tsanani. Kawu da rawani yake rufe hancinsa, ni ya ɗaura mini tsumma. Bayan nan ya bi da ruwan kanwa tsararo don ya kashe ragowar tsamin. Ya ce in kanwar ta yi ƙarfi ita ma duhunta katakon take yi.

Ɗauraya kuwa mun yi sa'a. Kwara a wajenmu sau biyu take kawo ruwa. Na damina fari ne, cike da laka. Na biyu baƙin ruwa ne, wanda ya sauka tun can tsaunukan Gini, ya bi ta fadamun Mali ya baro lakarsa a can, ya iso mana tsakiyar hunturu, sama ba ko gajimare, kogi yana cika. Garau yake. Da shi muka ɗauraye katakon sau uku-uku, muka mai da shi rumfa ya sake shan iska mako guda.

Wuraren da alli ya zagaye ba su da magani sai yanka. Kawu ba ya tsayawa iyakar ruɓar, yakan wuce ta da faɗin yatsa uku ko huɗu cikin lafiyayyen katako, don fumfunar tana miƙa saiwa gaba da inda ido ya tsaya. Ba ya yanka a tsaye. Doguwar fiƙa yake yi a karkace, tsawonta ninki takwas na kaurin katakon, ya yi wa sabon guntun irinta, su kwanta a kan juna da gam. Sabon katakon daga wani tsohon ƙyauren maɗaci ya ciro shi, wanda ya shekara da shekaru a bushe. Ya juya shi ya juya, har ya sami gefen da jijiyarsa ta dace da ta tsohon.

Akwai abin da ya nuna mini wanda ban ga wani ya kula da shi ba a duk kwatar. Ya ɗauki ragowar katako biyu, ya tsayar da ɗaya da bakin yankansa a cikin kwanon ruwan bula, ɗayan ya kwantar da shi a kan ruwan ta gefe. Da safe ya tsaga su da gatari. Wanda ya kwanta, shuɗin a fata ya tsaya. Wanda ya tsaya, shuɗin ya hau ciki ya yi nisa. Ya ce itace tun yana da rai ta nan yake shan ruwa, ya mutu ma bai manta hanyar ba. Saboda haka kafin a mai da ko guntu ɗaya jikin jirgi, sai da muka shayar da kowane bakin yanka da banish sirkakke har ya ƙi sha. Muka shafe bayan kowane guntu, wanda zai manne da jirgi ba mai ƙara ganinsa, shafi uku. Kowane ramin sukuru ya ɗiga masa da tsinke. Sukurorin tagulla aka sa, aka nutsar da kawunansu, aka toshe da 'yan ƙananan turakun katako da ya fiƙe da hannunsa, kowanne ya daidaita jijiyarsa da ta wurin. Kusan rabin gwangwanin a wuraren da ba a gani ya ƙare. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, shi kuwa tsagar yake bi yana toshewa tun kafin ya waiwayi fuskar.

Ranar da aka fara shafa fuskar, ya fito da akwatin buroshin nan. Hunturun da ya busar mana da katako shi ne kuma abokin gāba yanzu, saboda ƙura. Muka kewaye rumfar da zana da tsofaffin zannuwa. Bayan asuba ni da wani yaro mu yi ta jido ruwa muna yayyafa wa ƙasa har ta lafa. A jira raɓa ta tashi, a gama kafin iskar hantsi ta motsa. Banish ɗin da tsohon ɗankwalin matar Kawu ake tace shi cikin wani ƙaramin gwangwani, ba a tsoma buroshi a babban. Shafin farko rabi banish rabi tina, tsararo kamar shayi, katakon ya shanye shi ka rantse ba a shafa komai ba. Na biyu a rage tina. Daga na uku ya fara tsayawa a sama. Kowane shafi sai ya kwana ya wuni, a bi shi da lallausar samfefa a kashe ƙyallin, a share da ƙyalle, sannan a ƙara. Wannan kashe ƙyallin yana yi mini ciwo, abu ya yi kyau a sa ka dusar da shi da hannunka. Amma sabon shafi ba ya kama santsi, sai ya sami inda zai riƙe.

Ina iya ganin hannunsa har yanzu. Yakan tsoma kashi ɗaya cikin uku na gashin buroshi, ya shimfiɗa a busasshen wuri ya jawo zuwa cikin ɗanyen, ya ɗaga a hankali kamar tsuntsu zai tashi. Ba ya komawa inda ya wuce. Wata rana ƙaramin ƙwaro ya faɗa a kan shafi na biyar, na kai hannu zan cire, ya riƙe mini wuyan hannu. Ya ce a bar shi, gobe samfefa za ta ɗauke shi, yatsa kuwa rami zai bari. Tsummokaran da suka sha mai ba ya yarda a tara su a dunƙule, shanya su ake yi ɗaya-ɗaya a fili, don irin wannan mai yana ɗumi in yana bushewa, tari guda yana iya kama wuta da kansa. Shafi takwas muka yi. Na bakwai a kan murfin akwatin gefen sitiyarin nan, ni ya miƙa wa buroshin.

Wuri guda tabon ya ƙi fita, a bakin jirgi ta hannun dama, kusa da inda ake ɗaura igiya. Baƙin ya shiga da zurfi, ya bar inuwa mai tsawon ɗan yatsa. Wani cikin yaran ya ce a sa ɗan jan launi a ɓoye ta. Kawu ya soka basilla, ta tsaya ƙyam. Ya ce katakon lafiyarsa ƙalau, ba zai yanke lafiyayye don launi ba, ba kuma zai rufe shi da abin da zai hana a ga halin da yake ciki ba. Da Alhaji ya zo karɓa, wurin ya fara kai shi, kafin ya ga sauran.

Yanzu kayan aiki sun canja. Akwai gam mai ruwa biyu da ake haɗawa, wanda ake kira efoksi, yana toshe katako fiye da duk abin da Kawu ya taɓa riƙewa, kodayake rana tana cinsa in ba a rufa masa banish ko fenti ba. Ina ganin amfaninsa. Abin da ke damuna shi ne yadda nake ganin ana lafta shi, ko fenti mai kauri, a kan katakon da aka fid da shi daga ruwa jiya. Mai jirgi yana sauri don kowace ranar kasuwa da ta wuce asara ce, wannan gaskiya ne, na kuma san zafinta. Amma ƙarfin abin rufin shi ke ƙara tsare danshin a ciki. A watan Mayu na 2021, da labari ya zo cewa wani jirgi da ya taso daga Jihar Neja zuwa Wara ya dare a tsakiyar ruwa, mutane da yawa suka rasu, aka yi maganar lodi ya yi yawa, aka kuma ce jirgin ya tsufa. Allah ya jiƙansu. Daren nan ban yi barci ba, ƙarar gudumar Kawu nake ta ji, ƙwal a nan, dum a can, ina tunanin jirage nawa ne ke ɗaukar mata da yara a tafkin nan waɗanda ba a taɓa bin su da basilla ba.

Jirgin Alhaji ya koma ruwa kafin zafi ya kankama. Kawu ya sa sharaɗi biyu: kada a ƙara danne shi da tamfol, a yi masa rumfa mai tsayi da iska ke ratsawa, kuma duk hunturu a kawo shi a goge a ƙara shafi biyu tun rana ba ta cinye na saman ba. Ina nan Yelwa har ruwan farko ya sauka. Da la'asar ne, hadari ya taso daga gabas da iska mai ƙarfi, mutane suna ta gudu suna kwashe bandar kifi. Jirgin yana ɗaure a kwata, an dawo da shi daga ƙetare ba a kai shi rumfarsa ba. Kawu ya ɗauki malafarsa ya fita, na bi shi. Ruwan yana faɗa wa jan katakon yana dunƙulewa ƙwaya-ƙwaya, yana gangarewa kogi. Shi bai tsaya kallon wannan ba. Ya shiga ruwa har gwiwa, ya zura hannu ta ƙarƙashin bakin jirgin, ya bi mahaɗar da ɗan yatsa tun daga hanci har baya, ya zagayo ta ɗaya gefen. Ya ciro hannun ya duba, ya goge a rigarsa, ya ce mini, "Mu je gida, ɗana, magariba ta yi."